Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu fassara fina-finai zuwa Hausa: ga wani maraya da giwarsa suna jiran muryoyinku

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi muku sannu da aiki, ku da kuke kwana a ɗakunan ɗaukar murya kuna sa Ba'indiye da Baturke su yi Hausa kamar a Fagge aka yanke musu cibiya. Ban san fuskokinku ba, amma muryoyinku sun fi na wasu dangina yawan shiga gidana. Kuɗina ma sun sha shiga aljihunku ta hannun yaron shagon da yake tura mana fina-finai a waya. Don haka ina ganin ina da bakin da zan roƙe ku wani abu.

Roƙon nawa shi ne ku nemi izinin wani tsohon shirin yara na Amurka mai suna Circus Boy, ku mayar da shi Hausa. Tashar NBC ce ta fara nuna shi a watan Satumba na 1956, tashar ABC ta karɓa a 1957. Kashi 49 ne gaba ɗaya, kowanne rabin awa, hoton baƙi da fari. Na san wani daga cikinku ya riga ya taɓe baki da jin "baƙi da fari". Ka yi haƙuri, malam, zan zo kan wannan.

Bari in fara da yadda na ci karo da shi. Ɗan yayana yana hannuna tun bayan rasuwar mahaifinsa, yanzu shekararsa goma. Wani dare an ɗauke wuta, muna zaune a tabarma a tsakar gida, ya ce an ba su aikin gida a kan giwa. Na ɗauki waya ina lalube a YouTube don in nuna masa yadda take shan ruwa da hancinta, sai ga wani hoto mai dishi-dishi: yaro Bature mai farin gashi a bayan 'yar giwa, ga wani babban tanti a bayansu. Na danna don in wuce, yaron ya riƙe hannuna. Aikin gida dai sai da safe aka yi shi a gurguje.

Ga labarin a taƙaice. A ƙarshen ƙarni na 19 ne, a Amurka. Akwai wani ayarin 'yan wasa mai suna Burke and Walsh, masu yawo gari-gari da tanti da dawakai da namun daji. Cikinsu akwai mata da miji da ake yi wa laƙabi da Flying Falcons, masu wasan lilo a can ƙololuwar tanti, su saki wannan igiya su cafe waccan. Wata rana lilon ya ci su, suka bar ɗa ɗaya, Corky. Sai wawan ayarin, Joey, wanda aikinsa shafa farin kwalli a fuska ya ba mutane dariya, ya ɗauki yaron ya riƙe. Aka ba Corky aikin ɗebo wa 'yar giwa ruwa, sunanta Bimbo (yaranmu za su rantse Bayarabiya ce, ku bar su). Mai ayarin shi ne Big Tim Champion, shugaban masu kafa tanti kuma wani ƙaton mutum ne mai suna Pete. Kowane kashi sabon gari ne da sabuwar rigima: yau baƙon ɗan wasa mai ɓoye wani abu, gobe bashi, jibi dabba ta ƙwace ko mutanen gari sun ƙi baƙi.

Ni ne tafinta a daren. Turancina na makaranta ne, nasu kuma na hanci, don haka rabi ina ji, rabi ina cikewa da ka. Muna cikin kallo sai yaron ya ce, "Baffa, shi wannan mai fentin fuskar ƙanin babansa ne?" Na ce a'a. "Yayan babarsa ne?" Na ce ba su haɗa komai ba, wurin aiki kawai ya haɗa shi da iyayen. Ya yi shiru har na ɗauka barci ya ɗauke shi. Can sai ya ce, "To me ya sa ya riƙe shi?" Na buɗe baki zan kawo masa hadisin mai riƙon maraya da yatsu biyun nan da Manzon Allah (SAW) ya haɗa, sai na ga ba wa'azi yake nema ba. Idonsa na kan wayar. Yana kallon yadda wawan yake gyara wa yaron wuyan riga ne. Na ce, "Mu ci gaba da kallo, mu gani."

Wannan tambayar ce ta sa na ɗauki alƙalami. A shekara uku da muka yi tare, yaron nan ya kalli fassararku ba adadi. Ya ga jarumi ya daki mutum arba'in da hannu ɗaya, ya ga an fille kai, ya ga soyayyar da nake saurin danna gaba idan na shigo ɗaki. Ya haddace kirarin da kuke yi wa jarumai har yana yi wa akuya. Amma babu fim ɗaya da ya taɓa sa shi ya tambaye ni wani abu game da kansa. Ba laifinku ba ne kacokan, don manya aka yi waɗancan fina-finan, manya kuma kuke sayar wa. Sai dai kun san kamar yadda na sani cewa wayar da uba ya tura wa fim da yamma, a hannun ɗa take kwana.

Akwai wani abu game da lokacin da aka yi shirin nan da ya kamata ku sani kafin ku taɓa shi, don zai shafi irin muryar da za ku ba shi. A ranar 16 ga Yuli, 1956, ayarin da ya fi kowanne girma a Amurka, Ringling Bros. and Barnum & Bailey, ya yi wasansa na ƙarshe a ƙarƙashin tanti a kusa da Pittsburgh. Shugabansa, John Ringling North, ya sanar cewa zamanin wasan tanti ya wuce, aka naɗe kaya a tsakiyar kakar wasa aka koma gida. Daga nan sai manyan ɗakunan taro na siminti. Kuɗin jirgin ƙasa ya yi yawa, kuɗin ɗaruruwan leburori masu kafawa da kwancewa ya yi yawa, ga rigima da ƙungiyoyin ma'aikata. Ga kuma akwatin talabijin. A 1950 gidajen Amurka masu talabijin ba su kai ɗaya cikin goma ba, zuwa 1960 sun kusa tara cikin goma. Uban da a da zai kwashi iyali ya biya kuɗin ƙofa don su ga zaki, yanzu yana kishingiɗe a falo zakin yana zuwar masa kyauta.

Wata biyu da naɗe wancan tanti sai ga Circus Boy a cikin akwatin da ya taimaka wajen naɗe shi. Wanda ya kashe ne ya zo ta'aziyya, kuma ya iya kuka. Shi ya sa ba a sa labarin a 1956 ba, aka mayar da shi baya da kusan shekara sittin, zamanin da isowar ayari take tsayar da gari cak, a rufe makarantu, a fito bakin titi kallon jerin gwano. Iyayen da suka zauna da 'ya'yansu a gaban akwatin suna kallon yarintarsu ne. Duk barkwancin da ke cikin shirin, akwai begen abin da ya wuce a ƙarƙashinsa. Wanda ya fassara shi da ihu da kirari kamar fim ɗin faɗa zai kashe wannan.

Na san abin da zai fara ba ku wahala shi ne kalmomi, kuma nan ne na fi jin daɗin tunani, don na yi ta fama da su a tabarma. Shi kansa wasan ba mu da sunansa. Ni "wasan tanti" nake ce wa yaron, su kuma "'yan wasan tanti", bai taɓa tambayata me nake nufi ba. Amma abin mamaki, da zarar ka wuce wannan kalma ɗaya, sauran duk suna nan a rumbunmu. Mutane da dabbobi da kaya masu tashi daga gari zuwa gari, su sauka a bayan gari, su yi ciniki, su tashi da asuba: ayari ke nan. Big Tim, wanda yake lissafin guzuri, yake shiga gari ya nemi izinin sauka, yake raba faɗa, wanda asara take kwana a kansa: madugu ne, uban tafiya. Kada ku ce masa "oga" ko "manaja". Pete kuwa, tunda muna da sarkin fawa da sarkin maƙera, me zai hana ya zama sarkin tanti? Filin da suke sauka zango ne. Yaron da bai taɓa jin labarin fataken Gwanja ba zai tsinci kalmomin kakanninsa a bakin Turawa, ribar ƙafa ke nan.

Joey ne mai wuyar. Da na ce wa yaron "wawa", sai ya yi dariya irin ta raini, don a bakin yaran yanzu wawa zagi ne kawai. Sai da na tsaya na ba shi labarin wawan sarki, mutumin da a fada shi kaɗai yake iya faɗa wa sarki abin da waziri yake tsoron faɗa, ya naɗe shi cikin wasa. Wauta a wurinsa sana'a ce, kuma sai mai hankali yake iya ta. Haka Joey yake. Da aka ta da maganar karatun Corky, shi ne ya ce ai ya yi shekaru yana koyarwa a makaranta kafin ya shiga ayari, zai iya karantar da yaron da kansa. Malami ne ya shafa fenti. Sunan nasa ma ba a banza aka zaɓe shi ba: a cikin sana'ar, kowane wawa "Joey" ake ce masa, don tunawa da Joseph Grimaldi, shahararren wawan Landan da ya rasu a 1837, kamar yadda mu ma sunan gwani yakan koma sunan sana'a. Shawarata ku bar kalmar wawa, amma ku ba shi murya mai nauyi, ta dattijo, idan ya wanke fuska. Bambancin muryarsa a fage da muryarsa a cikin keken kwanansu shi ne zai koya wa yaro ma'anar kalmar, ba sai an yi masa bayani ba.

Sai kuma yadda Corky yake kiran Joey. Turawa kalma ɗaya gare su, "uncle", ga ɗan'uwan uwa da ɗan'uwan uba da ma abokin uba. Mu Hausa ba ta barinka ka laɓe, dole ka zaɓa: Kawu ko Baffa. Kawu ya fi daɗin faɗa, ya fi sakin fuska, wurinsa ake zuwa shagwaɓa. Amma wanda ya tsaya a matsayin uba, wanda zai yi faɗa ya hana, wanda za a zo wurinsa idan yaro ya yi ɓarna, Baffa ne. Ni Baffa Joey na zaɓa. Na yarda ina da son kai a wannan hukunci.

Yanzu maganar giwa, wadda ba na so ku tsallake.

Duk yaron da ya kalli shirin nan zai so a ce shi ne a bayan Bimbo. Nawa ma sai da ya tambaye ni nawa ake sayar da 'yar giwa, ko za ta shiga zaurenmu. Amma 'yar giwa ba ta zuwa tanti da ƙafarta. A sana'ar, raba ta ake yi da uwarta tun tana ƙarama, a ɗaure da igiya da sarƙa, a koya mata durƙuso da tsayuwa da ƙafa biyu da wata sanda mai ƙugiyar ƙarfe a kai, wadda ake taɓa mata wurare masu taushi kamar bayan kunne. Giwar da ta fi kowace suna a tarihin wasan tanti, Jumbo, daga nahiyarmu aka ɗauke shi. An haife shi a yankin Sudan wajajen 1860, mafarauta suka kashe uwarsa, dillalan dabbobi suka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu har Faris, daga nan gidan namun daji na Landan a 1865. A 1882 P. T. Barnum, mai ayarin wasan tanti, ya saye shi dala 10,000 ya tsallaka da shi Amurka. Shekara uku kacal ya yi a can, a 1885 jirgin ƙasan kaya ya buge shi a garin St. Thomas na Kanada ana mayar da shi taragonsa bayan wasa. Hausawa sun ce giwa a garin wani zomo ce. Jumbo bai zama zomo ba, toron giwa ne har ya mutu, amma a kan titin jirgi ya mutu, nesa da duk wata giwa da ta san warin uwarsa.

Abin da nake so ku lura da shi shi ne marayu biyu ne a shirin nan. Ɗaya an ba mu labarin iyayensa, ɗayar ba a ce komai ba. Masu shirin a 1956 ba su ga abin faɗa a nan ba, zamaninsu ke nan. Duniya ta juya tun daga lokacin. Ringling ta sallami giwayenta daga fage a watan Mayu na 2016 bayan shekaru ana matsa mata lamba, ta rufe gaba ɗaya a watan Mayu na 2017, da ta dawo a 2023 kuma babu dabba ko ɗaya a wasanta. Ingila ta hana yawo da namun daji don wasa tun daga farkon 2020.

Kada wani ya ce wannan matsalar Turawa ce. Ina ɗan shekara takwas ko tara 'yan wasan kura suka sauka a kasuwar garinmu. Har yau ina jin ƙarar sarƙar. Kura ce ƙatuwa an sa mata takunkumi, mai ita sanye da warki da layu da ƙararrawa a ƙafa, kulki a hannu. Ga gwaggon biri an sa masa riga yana karɓar kuɗi, ga mesa a wuyan wani. Makaɗa suna ta kiɗa, ana sayar da maganin tsari. Akwai wata yarinya tare da su, ba ta fi ni ba, aka ɗora ta a bayan kurar, kasuwa ta ɗauki sowa. Na koma gida ina jin babu wanda ya kai yarinyar nan sa'a a duniya. Sai da na girma na fara tambayar kaina wace makaranta take zuwa, da kuma abin da kulkin yake yi idan 'yan kallo sun watse. Kuma duk da haka ba zan yi ƙarya ba, ranar tana cikin ranakun da suka fi daɗi a yarintata. Abubuwan biyu duk gaskiya ne, kuma yaro ɗan shekara goma zai iya ɗaukar su tare idan an ba shi.

Saboda haka ba na so ku yanke giwar, ba na kuma so ku cusa wa Corky wa'azin da bai yi ba. Ku bar labarin yadda yake. Amma a ƙarshen wasu kashin ku ƙara minti ɗaya ko biyu da muryar babba, a natse, a gaya wa yara inda giwa take zama da danginta, cewa muna da su a dajin Yankari a Bauchi, cewa uwa da 'ya'ya da inna suke tafiya tare, da dalilin da ya sa yanzu aka daina sa su wasa. Irin wannan ƙarin ya halatta. Haka nan idan kuka zo kan wuraren da aka nuna 'yan asalin Amurka, waɗanda fina-finan kaboyi suka saba nuna mana da gashin tsuntsu a ka. Fina-finan wancan zamani sun saba sa su magana guntu-guntu kamar masu koyon baki. Ku ba su Hausa cikakkiya irin ta kowa. Mun san zafin a kwaikwayi maganarka don a yi dariya, kada mu yi wa wasu.

Ƙarin da bai halatta ba shi ne wanda kuka fi gwanancewa a kai, ku gafarce ni. Na san daɗin fassararku yana cikin abin da kuke sakawa wanda babu shi a asali: habaici, salon maganar 'yan tasha, sunan unguwa, zolayar wata ƙabila. A fim ɗin faɗa wannan gishiri ne. A nan zai zama ƙasa a cikin tuwo. Shirin yana da wuraren da ba a magana, yaro yana zaune kusa da giwa kawai, ko wawa yana goge fenti a gaban madubi. Kada mai murya ya ji tsoron shirun ya cike shi da surutu. A irin wannan shirun ne nawa yaron ya yi tambayarsa.

Muryar Corky kuma ta yaro ce, ku nemo yaro. Ƙato ya matse maƙogwaro yana ƙyaƙƙyewa, ko mace ta kwaikwayi ɗa namiji, yara suna ganewa tun daga kalmar farko, kuma daga nan sun daina yarda. Idan kun samo yaron, ga wani darasi daga shirin kansa. Wanda ya fito a Corky sunansa Micky Dolenz, an haife shi a 1945, yana ɗan shekara 11 aka fara. Iyayensa 'yan fim ne, aka sa masa sunan aiki Mickey Braddock, aka rina gashinsa ya yi fari. Da shirin ya ƙare, iyayen suka janye shi ya koma makaranta kamar kowane yaro, maimakon su bi kasuwa tana da zafi. A 1966 ya sake yin suna, wannan karon a matsayin mai ganga kuma mawaƙi a ƙungiyar The Monkees, wadda ta yi tashe a duniya. A jihar Kalifoniya, inda ake irin waɗannan shirye-shirye, akwai doka tun 1939 da take kare kuɗin yaro ɗan wasa. Ana kiranta da sunan Jackie Coogan, yaron da ya yi suna tare da Charlie Chaplin, ya girma ya tarar uwarsa da mijinta sun cinye dukiyarsa. A yanzu dokar tana tilasta a ajiye kashi 15 cikin ɗari na abin da yaro ya samu a asusun da ba mai taɓawa sai ya girma. Mu ba sai mun jira doka ba. Yaron da zai yi muku kashi 49 ma'aikaci ne, a yi yarjejeniya da iyayensa a rubuce, a ajiye masa rabonsa, kada a sallame shi da kuɗin alewa da "Allah ya yi albarka". A ɗauki muryarsa ranar da babu boko babu islamiyya. Ba zai yi kyau ba a ce labarin riƙon maraya da amana an yi shi da gumin yaron da aka cuta.

Sauran 'yan wasan ma ba ƙananan mutane ba ne, in kuna neman abin tallatawa. Robert Lowery, madugun, ya taɓa fitowa a Batman a 1949. Noah Beery Jr., wawan, daga gidan 'yan fim ya fito, ya kuma yi ta aiki har tsufansa. Furodusan, Herbert B. Leonard, shi ne ya yi shirin karen nan Rin Tin Tin, don haka ya san yadda ake haɗa yaro da dabba a riƙe mai kallo.

Na dawo kan baƙi da fari. A daren farko yaron ya ce, "Baffa, wayar ce ta lalace?" Na ce haka hoton da yake. Ya ce to. Bai sake tayar da maganar ba. Mu manya ne muke ɗauka yara kala suke kallo. Kashi mai minti ashirin da 'yan kai kuma ba ya cin wuri a waya, ba ya cin caji, uwa za ta iya cewa "ɗaya kawai, sai barci" maganar ta tsaya, abin da ba ya yiwuwa da fim mai awa uku.

Abu na ƙarshe shi ne izini, kuma da gangan na ce "ku nemi izini" tun a farko. Kamfanin Screen Gems ne ya yi shirin, reshen talabijin na Columbia Pictures, kamfanin Sony kuma ya sayi Columbia a 1989. Ƙofar da za a ƙwanƙwasa ke nan. Na san ba haka aka saba ba, na san wani zai ce wa zai gani. Amma aikin da aka yi da izini shi ne zai iya hawa tashar talabijin da rana tsaka, ya shiga makarantu, ya zauna a intanet ba tare da fargabar a wayi gari an sauke shi ba. Idan ɗakin fassara ɗaya ba zai iya ba, ku haɗu ku uku ko huɗu, ko ku shiga da wata tasha a gaba. Ku da kuke kuka idan an kwafi aikinku an sayar a bayan idonku kun fi kowa sanin dalilin.

Mu dai a gidanmu muna nan muna lallaɓawa da abin da muka samu, hoto yana rawa, murya tana shaƙewa, wani kashin ma babu ƙarshensa. Shekaranjiya na fassara wata magana ta Pete, yaron ya kalle ni ya ce, "Baffa, jiya ba haka ka ce ya ce ba." Ya kama ni. Ya fara gane inda Turancina yake ƙarewa da inda ƙirƙira take farawa, kuma ba na jin zan iya riƙe matsayin tafinta har kashi na 49.

Allah ya ƙara basira, ya sa albarka a sana'a. A gaida mutanen ɗakin murya duka, har da mai haɗa sauti da ba a taɓa jin sunansa.

Wassalam.

Naku,
Wani baffa mai riƙon ɗan yayansa